Dalma a Jinin Mikiya: Harsashi, Maharba da Rigimar Minnesota

A birnin St. Paul na jihar Minnesota, can arewacin Amurka, akwai wani asibiti da ba ya karɓar kowa sai tsuntsaye masu farauta, irin su shaho, shirwa, mujiya da mikiya. Na Jami'ar Minnesota ne, an kafa shi a 1974, kuma cikin waɗanda suka assasa shi har da likitan dabbobi Patrick Redig. Ma'aikatan wurin ba sai sun duba kalanda ba kafin su san lokacin farautar barewa ya kama. Da zarar an buɗe daji ga masu bindiga a farkon Nuwamba, ba a daɗewa sai a fara shigo musu da mikiya mai farin kai naɗe cikin bargo, ita wannan da hotonta ke kan hatimin gwamnatin Amurka tun 1782.

Yawanci manomi ne ko direba ke tsintar ta a gona ko a bakin titi. Tsuntsuwar da fukafukanta kan kai mita biyu idan ta buɗe su, wadda ba ta yarda mutum ya matso kusa, sai a zo dab da ita ba ta motsa ba. Fukafukai sun zube, kai ya sunkuya, baki a buɗe tana jan numfashi da ƙyar. Gashin ƙarƙashin wutsiya ya ɓaci da koren kashi. In likita ya shafa ƙirjinta sai ya ji ƙashi tsirara, tsokar duk ta zube. Wata ta makance, wata jikinta na karkarwa. Sai a ɗebi jini a ɗiga a 'yar na'urar awo da yawancin irin waɗannan asibitoci ke amfani da ita. Na'urar ba ta iya ƙirga abin da ya haura maikirogiram 65 na dalma a kowace desilita ta jini. Daga nan sai dai ta nuna cewa abin ya wuce awonta. Irin wannan na'ura ce likitoci suka kai ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a Zamfara, kuma a can ma jinin yara da yawa ya fi ƙarfin awonta. Don haka mai karatu a ƙasar Hausa ba baƙo ba ne ga wannan guba. Abin da ya bambanta shi ne hanyar da ta bi ta shiga jiki. A Dareta da Bagega ƙurar dutsen zinare ce da ake daka a cikin gidaje. A Minnesota kuwa, a kan hanyar ne ake ta rigima shekara da shekaru.

Yadda take kashewa

Jikin mai rai ba shi da wani amfani da dalma, ko ƙanƙane. Tana shiga ne ta zauna a gurbin sinadarin kalsiyam, ta lalata jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, ta hana jiki haɗa jan jini, ta taɓa ƙoda. Mikiya ta fi sauran halittu da yawa shiga haɗari saboda ruwan cikinta mai tsananin tsami ne, wanda ke narkar da ƙashi. Guntun dalma da zai iya wucewa ta cikin wata dabba ya fita, a cikin mikiya narkewa yake yi ya bi jini. Masu jinyar tsuntsaye kan ce guntun da bai wuce ƙwayar shinkafa ba ya isa ya kashe babbar mikiya. An taɓa gwadawa kai tsaye: a wani bincike da aka wallafa a 1981, masana a cibiyar Patuxent ta jihar Maryland sun ba mikiyoyi biyar ƙwayoyin dalma irin na harsashi. Huɗu suka mutu, ta biyar ta makance har sai da aka kashe ta.

Magani akwai. Ana yi mata allurar wani sinadari da ke kama dalmar ya fitar da ita ta ƙoda, ana ɗura mata abinci da ruwa, wani lokaci a wanke cikin. Amma in awon ya haura 100, da wuya ta tashi. Waɗanda suka rayu ma wasu ba sa komawa daji, don ido ko zuciya sun riga sun taɓu. Kuma waɗanda ake kawowa asibiti su ne kawai aka tsinta. Akwai kuma wadda gubar ba ta kai ta kwantar da ita ba, amma ta rage mata kuzari da gani, sai mota ta buge ta a kan mushen bakin titi ko ta faɗa kan wayar lantarki. A takarda za a rubuta mota ce ta kashe ta.

Hanin 1991 da tambayar da ya bari

Da farko kowa ya ɗauka an san tushen matsalar. Masu harbin agwagin daji suna amfani da harsashi mai feshi, wanda ke watsa ɗaruruwan ƙananan ƙwayoyin dalma. Agwagi na tsintar su a ƙasan tafki suna haɗiyewa a zaton tsakuwa ce, miliyoyi na mutuwa. Mikiya kuma na cin agwagwar da ta raunana ko ta tsira da ƙwayoyi a jikinta. Ƙungiyar kare namun daji ta National Wildlife Federation ta kai gwamnati kotu a shekarun 1980 da hujjar mikiya, kuma a 1991 aka haramta ƙwayoyin dalma wajen farautar tsuntsayen ruwa a duk faɗin Amurka. Ga agwagi dokar ta yi aiki sosai: wani ƙiyasi ya nuna a kakar 1997 kaɗai ta ceci kimanin agwagi miliyan 1.4.

Ga mikiya kuwa labarin ya sha bamban. A 1997 Redig da abokiyar aikinsa suka duba bayanan shekara 16 na asibitin, daga 1980 zuwa 1995. Yawan dalmar da ke jinin kowace tsuntsuwa ya ɗan ragu bayan dokar, amma kason mikiyoyin da ake kawowa da dalma a jiki bai sauka ba. An toshe ƙofar da aka sani, guba kuma na ci gaba da shigowa. Daga nan aka fara neman wata ƙofar, kuma daga nan ne sunan maharban barewa ya shigo zancen.

Sauran wuraren da ake zargi

Ya kamata a yi wa kowane zargi adalci, domin masu kare harsashin dalma suna kawo su, kuma ba duka ne shaci-faɗi ba.

Akwai dalmar masunta. Kamar yadda ake ɗaura dalma a bakin birgi don ya nitse, haka masu kamun kifi da ƙugiya a Amurka ke saƙala 'yar dalma a zare. Tana tsinkewa ta faɗa ruwa, ko kifi ya tafi da ita. Minnesota ƙasar tafkuna ce, mikiya mai farin kai kuma kifi ne babban abincinta, don haka zargin na da kan gado. An tabbatar wannan dalma na kashe wani tsuntsun ruwa mai nutso da ake kira lun, kuma an sha ciro ta daga cikin mikiya. Matsalar wannan bayani ita ce lokaci. Da kifi ne babbar hanya, da asibiti ya cika a lokacin zafi, sa'adda tafkuna ke buɗe, masunta sun yi yawa, mikiya na ciyar da 'ya'yanta da kifi. Abin da ake gani akasin haka ne. Lokacin zafi jininsu ya fi tsabta. Gubar na tashi ne sa'adda ruwa ya daskare, kifi ya yi wuyar samu, mikiya ta koma cin mushe.

Akwai tsoffin wuraren haƙar ma'adinai. A kwarin kogin Coeur d'Alene na jihar Idaho, laka mai dalma daga tsoffin mahaƙai ta daɗe tana kashe manyan tsuntsayen ruwa masu tona ƙasa da baki. Wannan gaskiya ne, amma abu ne na wuri guda. Ba zai bayyana dalilin da ya sa ake samun matsala iri ɗaya daga Maine zuwa Montana ba. Akwai fetur mai dalma, wanda aka gama hana shi a motocin Amurka a 1996, da fentin gida mai dalma da aka hana a 1978. Ragowarsu na nan a ƙasa, har an taɓa samun manyan ungulayen Kalifoniya da suka ci ɓawon tsohon fenti a wata hasumiyar gadin gobarar daji. Sai dai dalmar da ke warwatse a ƙasa da iska kaɗan-kaɗan take shiga jiki, tana ba da ƙaramin awo da ba ya sauyawa da wata. Ba ita ke ɗaga jinin tsuntsu daga kusan sifiri zuwa sama da 100 cikin 'yan kwanaki ba. Irin wannan tashin sai an haɗiyi gundarin ƙarfen. Ana kuma ambaton juji, inda mikiyoyi ke taruwa neman abinci. Juji na da nasa haɗarin, musamman gawar dabbar da likita ya kashe da allura aka yar ba a binne ba, amma wannan wata guba ce daban.

Haka nan ba dalma kaɗai ke kashe mikiya ba. Mota, wayar lantarki, maganin ɓera, murar tsuntsaye da ta ɓarke a 2022, da masu zuba guba da gangan, duk suna nan. Wanda ya ce dalma ce kaɗai matsala bai faɗi gaskiya ba. Amma jera sauran matsaloli ba ya amsa tambayar inda dalmar da ke cikin jinin take fitowa.

Abin da harsashi ke yi a cikin nama

Nan ne hujja ta fi nauyi, kuma nan ne maharba da yawa suka ga abin da ba su taɓa zato ba. Harsashin doguwar bindigar farauta dalma ce aka lulluɓe da siririn jan ƙarfe. An ƙera shi ne don ya buɗe idan ya shiga jiki, ya kashe dabba nan take ba tare da ta wahala ba. Yana tafiya da gudun da ya kai mita 800 ko fiye a daƙiƙa guda, dalma kuma ƙarfe ne mai laushi. Idan ya daki nama da ƙashi ba ya fita yadda ya shiga. Wani kaso mai yawa na nauyinsa yana rugurgujewa ya watsu. Yawancin gutsattsarin ido ba ya ganinsu, haƙori ba ya jinsu. Sai an sa gawar a na'urar hoton ƙashi ake ganin fararen ɗigo-ɗigo sun cika wajen raunin.

Grainger Hunt da abokan aikinsa na ƙungiyar Peregrine Fund sun yi wannan hoto, suka wallafa a 2006. Cikin tarin kayan ciki 20 na barewar da aka harba da dalma, 18 na ɗauke da gutsattsari, biyar daga ciki sama da 200 kowanne. Hukumar albarkatun ƙasa ta Minnesota ta yi nata gwajin a 2008 da gawarwakin tumaki, ta tarar gutsattsari kan yi nisan da ya kai santimita 45 daga inda harsashi ya bi.

To ga al'adar farauta a can. Maharbi in ya kayar da barewa, a nan take yake farke cikinta, ya zubar da tumbi da hanji da huhu, don nama ya huce kuma kaya su yi sauƙin ja zuwa mota. Ƙirji ake nufa da harbi, don haka huhu da abin da ke kewaye da shi su ne suka fi kwasar dalma, kuma su ake bari a kan dusar ƙanƙara. Ana harbe barewa mai farin wutsiya kimanin miliyan shida a shekara a Amurka. Ga kuma waɗanda aka raunata suka ɓace a daji suka mutu. Hankaki ke fara sauka, mikiya na hango su daga nesa ta biyo. Sanyi kuma na adana wannan abinci makonni, wani sai dusar ƙanƙara ta narke yake sake bayyana.

A 2012 asibitin St. Paul ya fitar da nazarin mikiyoyi 1,277 da aka kawo tsakanin 1996 da 2009. Guda 334 na da dalma fiye da kima. An fi samunsu a ƙarshen kaka da farkon hunturu, kuma an fi samunsu daga yankin da doka ta yarda a yi farauta da doguwar bindiga, wadda harsashinta ya fi tarwatsewa. Wani abin da ya fi jan hankalina a nazarin shi ne ƙoda: mikiyoyin da ke da dalma su ne kuma ke da ƙarin jan ƙarfe a ƙodarsu. Dalmar masunta ba ta zuwa da rigar jan ƙarfe, fenti ma haka. Harsashi ne ke haɗa biyun. Ma'aikatan hukumar kifi da namun daji ta tarayya sun ƙara da nasu a 2014: cikin gawarwakin mikiya 58 daga jihohin saman kogin Mississippi, kashi 60 cikin 100 na da dalma a hanta, kashi 38 kuma ta kai matakin kisa.

Sai babban binciken da ya fito a mujallar Science a Fabrairun 2022, wanda Vincent Slabe ya jagoranta tare da Todd Katzner da wasu. Sun auna mikiyoyi 1,210 daga jihohi 38 tsakanin 2010 da 2018. Kusan rabi, wato kashi 46 zuwa 47 cikin 100 na masu farin kai da na wani nau'in mikiya mai wuyan zinari, suna da dalma tare a ƙashi, alamar sun sha cin ta ba sau ɗaya ba. Sabon kamuwa da gubar kuwa a hunturu ya fi yawa. A ganina bayan wannan babu sauran shakka mai ƙarfi a kan cewa harsashi ne babbar hanya.

Abin da maharba ke cewa

Duk da haka, in ka saurari maharbin Minnesota ko Wisconsin za ka ji ɓacin rai na gaske, kuma ba ƙin gaskiya ne kawai ke kawo shi ba. Abu na farko da zai ce maka: mikiya ai ƙaruwa take yi. Gaskiyarsa. A 1963 ma'aurata 417 kacal suka rage masu sheƙa a jihohi 48 na ƙasar, wato ban da Alaska da Hawaii. Aka hana maganin ƙwari na DDT a 1972, aka cire mikiyar daga jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa a 2007, kuma rahoton gwamnati na 2021 ya ƙiyasta yawan mikiyoyin, ɗaiɗaiku, ya kai kusan 316,700. Duk wannan farfaɗowa ta faru ne ana harbi da dalma. Ƙungiyar masu bindiga ta NRA da ƙungiyar masu ƙera makamai ta NSSF a kan wannan suke tsayawa: ana kula da namun daji ne bisa yawan jinsi, ba bisa mutuwar ɗaiɗaiku ba.

Na biyu zai ce da kuɗinsa ake kula da dajin. Wannan ma haka ne. Tun dokar Pittman-Robertson ta 1937 ake cire haraji, wanda daga baya ya kai kashi 11 cikin 100, a kan dogayen bindigogi da harsasai, a raba wa jihohi don kula da namun daji, ga kuɗin lasisi. Mutumin da ya san haka, ya ga an nuna gawar mikiya a talabijin ana kiransa makashi, dole ransa ya sosu. Na uku akwai tsada da wahalar samu. Harsashin jan ƙarfe zalla ya fi na dalma mai araha kuɗi, ko da yake farashinsa kusan ɗaya da na dalma mai inganci, kuma a ƙananan garuruwa ba kowane shago ke da wanda ya dace da tsohuwar bindigar gado ba. Na huɗu, wanda shi ne a ƙasan zuciya, tsoro ne cewa maganar dalma dabara ce ta masu son a hana farauta da mallakar bindiga gaba ɗaya. A Amurka duk zancen da ya taɓa bindiga nan da nan yake zama siyasa. Misali a fili: ranar 19 ga Janairun 2017, kwana ɗaya kafin gwamnatin Obama ta sauka, shugaban hukumar kifi da namun daji Dan Ashe ya sa hannu a kan umarnin daina amfani da dalma a gandun dajin hukumar kafin 2022. Ranar 2 ga Maris sabon sakataren harkokin cikin gida Ryan Zinke ya soke shi. 

Hujjar yawan mikiya ita ce mafi ƙarfi, amma ba ta gamsar da ni ba. Binciken 2022 ya ƙiyasta dalma na rage saurin ƙaruwar mikiya mai farin kai da kashi 3.8 cikin 100 a shekara. Jinsi na iya ƙaruwa alhali ana zaftare masa rarar da zai jingina da ita ranar da annoba irin murar tsuntsaye ta zo. Ban da haka, farauta kanta tana da ladabin da maharba ke alfahari da shi: harbi ɗaya, kisa ɗaya, ba a azabtar da dabba. Harsashin da ya kashe barewa cikin daƙiƙu sannan ya ɗauki makonni yana kashe mikiya da yunwa da makanta ya saɓa wa wannan ladabi, ko da mikiyoyi sun kai miliyan.

Akwai kuma abin da ya shafi gidan maharbin kansa. A 2008 wani likita a Bismarck ta jihar North Dakota, William Cornatzer, wanda shi ma maharbi ne, ya duba da na'urar hoton ƙashi ƙunshin niƙaƙƙen naman barewa da aka ba da sadaka ga wuraren ciyar da mabuƙata. Fiye da rabi na ɗauke da gutsattsarin ƙarfe. Jihar ta janye naman, Minnesota ma ta bi sahu. Hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC ta auna jinin mutane sama da 700 a can, ta tarar masu cin naman daji sun ɗan ɗara sauran a yawan dalma. Bambancin ƙarami ne, kowane ɓangare kuma ya ja sakamakon zuwa nasa wajen. Amma likitoci ba su san wani awo na dalma da ba ya cutar da ƙaramin yaro ba, shi ya sa aka shawarci masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara shida su guji naman da aka harba da dalma.

Laifin wa?

A nan nake ganin masu zargi su ma sun yi kure. Cewa harsashi ne tushe daban, cewa maharbi mugu ne daban. Mutumin da ya bar kayan ciki a daji bai karya doka ba. Abin da ya gada daga ubansa ke nan, kuma da yawa suna ganin alheri suke yi wa namun daji da ke fama da yunwar hunturu. A haƙiƙa kayan cikin abinci ne mai amfani ga mikiya, in babu dalma a ciki. Kuma ba mai lasisin farautar barewa kaɗai ke harbi ba. Makiyayi na harbe saniyar da ta karye ya bar ta a fili. Ɗan sanda na ƙarasa barewar da mota ta buge ya bar ta a gefen titi. Manoma na harbin dilan Amurka da ake kira koyote duk tsawon shekara. Ga masu farautar sata da ba su bin kowace doka. Duk waɗannan dalma suke bari, amma idan aka tashi zargi sai a ce "maharba" a dunƙule.

Abin da aka gwada

Hanya biyu aka bi, kowacce da iyakarta. A Jackson Hole ta jihar Wyoming, Bryan Bedrosian da abokan aikinsa sun fara nuna cewa jinin hankaki da mikiya na cika da dalma daidai lokacin farautar babbar barewar nan da ake kira elk. Maimakon neman doka, a 2009 da 2010 sai aka raba wa maharba harsashin jan ƙarfe kyauta ko a farashi mai sauƙi. Kashi 24 na waɗanda suka yi kamu suka yi amfani da shi a shekarar farko, kashi 31 a ta biyu, kuma dalmar jinin mikiya ta sauka gwargwadon haka. Wannan gwaji ya yi abu biyu a lokaci guda: ya ƙara tabbatar da tushen gubar, ya kuma nuna maharba na sauyawa in an zo musu da mutunci. A Arizona hukumar namun daji ta jihar ta fara irin wannan tun 2005 a tudun Kaibab saboda babbar ungulun da ake kira kondo. Ana ba da harsashi kyauta, wanda kuma ya nace wa dalma ana roƙonsa ya kwaso kayan cikin ya fito da su daga daji. Shekaru da dama sama da kashi 80 na maharban wurin suna ba da haɗin kai.

Abin da ya fi sauya ra'ayi, a cewar masu wannan aiki, shi ne gani da ido. Ana tara maharba a filin gwajin bindiga, a jera jarkokin ruwa, a harba harsashin dalma a tace abin da ya zauna a ƙasa, sannan a harba na jan ƙarfe. Na farko yakan bar tarin baƙin gari da gutsattsari a tafin hannu. Na biyu yakan fito guda ɗaya, bakinsa ya buɗe, kusan duk nauyinsa na nan. Maharbi ne ke nuna wa maharbi, ba wanda ya ambaci haramci.

Kalifoniya ta bi hanyar doka. Ta hana dalma a yankin kondo daga 2008, sannan dokar da Gwamna Jerry Brown ya sa wa hannu a 2013 ta game duk jihar daga 1 ga Yulin 2019. Bayan hanin farko an auna an ga dalma ta ragu a jinin mikiya mai wuyan zinari da ƙananan ungulaye. Amma kondo ta ci gaba da kamuwa, domin tsuntsu ne mai tsawon rai da ke cin gawarwaki da yawa a ƙungiya, kuma wake ɗaya ke ɓata gari. A tsibirin Hokkaido na Japan ma, inda aka fara hana harsashin dalma a farautar barewa a 2000 saboda manyan mikiyoyin teku, an ci gaba da tsintar masu guba shekaru bayan dokar. Denmark kuwa, wadda ta hana ƙwayoyin dalma tun 1996, ta kai ga hana duk harsashin dalma a farauta a 2024, kuma ƙungiyar maharban ƙasar na cikin waɗanda aka yi tafiyar da su. Farauta ba ta mutu a can ba. Abin da na fahimta daga waɗannan wurare shi ne doka ba ta shiga daji da ƙafarta. Mai gadin daji ɗaya ba zai duba aljihun mutum dubu ba. Inda aka ci nasara, an fara shawo kan masu riƙe da bindigar ne, doka ta zo daga baya ko ma ba ta zo ba.

Wurin da aka fi barin baya shi ne yammacin ƙasar, wajen mikiya mai wuyan zinari. Ita ba ta yi irin farfaɗowar 'yar'uwarta ba. Yawanta a Amurka bai wuce kimanin dubu 40 ba, kuma ba ƙaruwa take yi ba, don haka kashi 0.8 da binciken 2022 ya ce dalma na zaftare mata ya fi ciwo fiye da yadda adadin ke nunawa. A gonakin ciyawar dabbobi na Oregon da filayen kiwo na Wyoming da Montana, mutane na harbin kurege da danginsa a lokacin bazara, wasu don kare gona, wasu don nishaɗi, mutum ɗaya kan kashe da yawa a yini ya bar su a inda suka faɗi. Wani bincike na 2007 ya samu gutsattsarin harsashi a kashi 87 cikin 100 na irin waɗannan gawarwaki da aka harba da harsashi mai buɗewa. Lokacin ya zo daidai da sa'adda mikiya ke kai wa 'ya'yanta abinci a sheƙa. Ƙananan harsasan da ake wannan harbi da su su ne kuma aka fi shan wahalar samun madadinsu marar dalma mai kyau da araha, kuma yawancin shirye-shiryen raba harsashi kyauta an tsara su ne don masu farautar manyan namun daji a kaka.